Amshin Jita a Lamisula

Har yanzu idan gari ya waye kunnena ne ke riga idona tashi, yana laluben abin da ba zai samu ba. A unguwar Lamisula ta lokacin da na zo Yerwa, ina ɗan ƙauye da akwatin ƙarfe a ka, ba agogo ke gaya wa mutum safiya ta yi ba, turmi ne. Gida ɗaya zai fara, na kusa ya amsa, kafin rana ta hau kan dalbejiya unguwa duk ta ɗauka, mata biyu ko uku a turmi guda suna lugude, suna cilla taɓarya sama su tafa kafin su cafe. Bayansu sai matan Shuwa masu nono da kiransu mai ja kamar ana warware zare, sai mai ruwa yana kaɗa garwa, sai ƙamshin turaren wuta ya biyo zaure ya fito titi. Ranar da ake biki a cikin Yerwa kuwa, tun daga nesa ganga da algaita za su gaya maka ko gidan malamai ne ko na fatake. Yau injin niƙa ne da janareta da hon ɗin keke mai ƙafa uku. Ban ɗora wa kowa laifi ba. Amma wanda ya san garin nan da kunne ya san an yi mana sata, kuma ba duka ce zamani ya yi ba.

Kawuna akawu ne, shi ya ɗauko ni daga ƙauyenmu can kudu, gindin duwatsu, don in yi boko. A coci na fara ganin jita, a hannun malamin da ke koya mana waƙa. Da aka yi masa canjin wurin aiki ya bar mini ita, da tsaga a cikinta wadda muka liƙe da ƙaro. Daga ranar ban ƙara zama lafiya ba. In na gama ɗebo ruwa da wanke kwanukan matar kawu, sai bayan gida, kunne a rediyo, ina kwaikwayon kiɗan mutanen da ban san ko a wace duniya suke ba. Na tara gashi, na ɗinka wando mai faɗin ƙafa, na ɗauka na gama wayewa.

Wani hutun Kirsimeti na tafi gida da ita a kafaɗa don a gan ni. Na tarar da mahaifiyata a durƙushe gaban dutsen niƙa, tana niƙa dawa tana rera wata waƙa da na ji tun ina goye amma ban taɓa saurara ba. Na zauna a bakin rumbu na zuba mata duk abin da na iya. Ta bar ni na gama, ta share gumi da gefen zane, ta ce da yarenmu, "Abar taka tana da murya mai daɗi. Sai dai baƙuwa ce marar tarbiyya. Ta shigo gidana ba ta gaishe ni ba." Ta koma kan niƙanta. Haushi ya sa na ce bari in bi waƙar tata in nuna mata ba komai ba ce. Sai ga shi na kasa. Akwai wani wuri da muryarta ke sauka wanda babu shi a wuyan jita, in na danna nan ya yi sama, in na matsa can ya yi ƙasa, muryar tana tsakani tana mini dariya. Kwana uku ina fama. A na ukun na sassauta tsirkiya ɗaya, na koyi tura ta gefe da yatsa har ta yi kukan da nake nema. Da na bi ta daga farko har ƙarshe ba tuntuɓe, ta ci gaba da niƙanta. Amma da aka kawo tuwo na tarar da cinyar kaza a miyata, abin da a gidanmu sai mahaifina.

Tun daga nan na fara tara waƙoƙin mutanenmu, da na waɗanda ba namu ba. Aikin koyarwa ya taimake ni, don an yi ta jefa ni ƙauye-ƙauye, kuma duk inda na sauka akwai tsohuwar da ke da waƙar raino ko ta sussuka, akwai masunci mai waƙar jan koma, akwai maƙeri da ke da karin da yake bi da zugazugi. Ban iya rubutun kiɗa irin na Turawa ba, sai na ƙirƙiro nawa a wani babban littafi mai baƙin bango: sunan ƙauye, sunan wanda ya ba ni, lambobin wuraren da yatsa zai danna, da 'yan kibiyoyi masu nuna inda za a tura tsirkiya. Daga baya na sami rakoda na riƙa ɗauka a kaset. Da na dawo Lamisula na zauna, Allah ya haɗa ni maƙwabtaka da wani dattijo Babarbare mai busa algaita a gidajen biki, muna ce masa Baba mai algaita. Shi ya fi kowa ba ni wahala, shi ya fi kowa ba ni ilimi. In na matsa masa ya maimaita wuri, sai ya ajiye algaitar a cinya ya ce, "Wushe, Tica, sannu da gaggawa. Waƙa akuyar maƙwabci ce. In ka bi ta da gudu ba ka kama ta. Zauna da dusa a hannu, za ta zo." Ni mai zuwa coci, shi ba ya wuce sahun gaba a masallaci, kuma ba a taɓa yin ranar da wannan ya shiga tsakanin tabarmarsa da kujerata ba. Haka muka yi shekaru, har littafin ya cika na ɗinka masa ƙarin takardu.

Sannan abin nan ya zo. Ba sai na faɗi sunansa ba, mu ma a lokacin ba ma faɗi, "yaran nan" kawai muke cewa, murya ƙasa-ƙasa. Abin da ya fara mutuwa a garin nan sauti ne. Aka hana babura, titi ya yi tsit. Aka sa dokar hana fita, biki ya koma ɗaurin aure da safe kowa ya kama gabansa. Aka yanke layin waya, ba ka jin muryar ɗan'uwanka ko da yana nan unguwar Gwange. Sai ƙarar da ba ka so, wadda in ta tashi kofuna ke rawa a kan tire. Wata safiya aka jefa wa Baba mai algaita takardar gargaɗi a zaure. Bai iya karatun boko ba, bai kuma nuna wa kowa ba sai ni. Na karanta masa, ya karɓa ya ninke ya sa a aljihu, ya ce, "To." Ban ƙara jin algaita ta katangarmu ba. A ranar na naɗe jitata da tsohon zanen matata na tura ta cikin silin.

Littafin da kaset-kaset ɗin kuwa, ba kowa ya ƙwace mini su ba. Wannan ne abin da ke ci na har gobe. Wata rana da hantsi wani abu ya fashe kusa da mu, aka rufe unguwa, aka fara bincike gida-gida. Muna jin ana bugun ƙofofi, ana matsowa. Matata tana tuƙa tuwo a tsakar gida, ta bar muciya a tukunya ta zo ta tsaya a kaina.

"Baban yara, littafin nan naka."

"Me ya same shi?"

"Sunayen ƙauyuka ne a ciki, da sunayen mutane, da lambobi, da kibiyoyi. Babu mai gane shi sai kai. In suka buɗe me za ka ce?"

"Zan ce waƙa ce."

"Waƙa," in ji ta. "Wa zai tsaya ka rera masa? Kana da 'ya'ya maza biyu a ɗakin can."

Na dube ta, na dubi ƙofar ɗakin. Da hannuna na yage shi gida huɗu na cusa ƙarƙashin tukunyar tuwo, na bi shi da kaset-kaset ɗin ɗaya bayan ɗaya. Robar ta narke tana ɗiga, hayaƙin baƙi ƙirin, tana fifita shi da faifai don kada ya tashi sama. Ina ce wa kaina ai duk suna kaina, ai yatsuna sun haddace. Da masu binciken suka shigo, suka leƙa ƙarƙashin gado, suka dubi katin aikina, ɗaya ya roƙi ruwan sha, suka fita. Akwatin da littafin yake zama a ciki ko kallonsa ba su yi ba. Tuwon ranar warin roba yake, muka ci haka nan, babu wanda ya ɗaga kai.

Shekarun da suka biyo baya ƙauyuka suka kwararo cikin gari. Makarantar da na yi ritaya a cikinta ta koma sansanin 'yan gudun hijira, ajin da na koyar da lissafi iyali shida a ciki, an raba da buhu. Cikin masu zuwan har da yayata, wadda ta goye ni. Ta iso da zane ɗaya a jikinta da ƙafafu a kumbure, bayan kwanaki a kan duwatsu. Mijinta an tsayar da shi a bakin gonarsa an kashe shi, tana ɓoye cikin dawa tana gani. Ba ta samu ta rufe shi ko da ganye ba. Wannan ma ba daga bakinta muka ji ba, wata da suka taho tare ce ta faɗa. Yaya ta sami gindin dalbejiyar tsakar gidanmu ta zauna, in an ba ta abinci ta ci, in an gaishe ta ta gyaɗa kai.

Da gari ya ɗan lafa aka sassauta dokar fita, na hau kujera na sauko da jita. Zafin kwano ya lanƙwasa wuyanta, tsirkiyoyi sun yi tsatsa, zanzaro ya yi gini a cikinta. Na zaga Kasuwar Kwastam har na sami tsirkiya wurin wani mai gyaran rediyo, na ɗaura, na zauna in fara daga farkon littafin kamar yadda nake yi a da. Waƙa ta farko ta zo. Ta biyu ta zo rabi. Ta uku na san sunan ƙauyen, na ga fuskar matar da ta ba ni, har giɓin haƙorinta, amma yatsuna suka tsaya cak a kan wuyan jita kamar baƙi a tasha. Na yi ta yi har fatar yatsuna ta tsage. Wani lokaci kan wata waƙa zai zo da jelar wata. Wani lokaci ina cikin wanka kari zai faɗo mini, in fito da kumfa a jiki, kafin in kai ɗaki ya tafi. Kuma ba inda zan koma in tambaya. Hanyoyin a rufe suke, ƙauyukan ciyawa ta cinye su, masu waƙar wasu a ƙasa, wasu ba a san inda suke ba.

Na shiga wurin Baba mai algaita. A lokacin ɓarin jikinsa ya shanye, bakinsa ya karkace. Na kaɗa masa rabin taken da ya koya mini, na tsaya inda ya ɓace mini, na ce, "Baba, daga nan ina aka nufa?" Idonsa ya kawo haske. Ya tara iska a kumatu kamar yadda ya saba, sai iskar ta zube ta gefen baki da yawu. Ya sake, ta sake zubewa. Sai ya sa yatsun hannunsa mai lafiya yana danna tabarma, yana ɗagawa, yana danna ramukan algaitar da ba ta nan. Na ƙura wa yatsun ido ko zan karanta, ban iya ba. Matarsa ta leƙo ta ce, "Tica, don Allah ka bar shi haka. Duk ranar da ya tuna ba ya cin abinci."

Har sansani na je da jita a buhu, ina bin tsofaffi ina tambayar wa ya fito daga gari kaza. Yau in na tuna kunya nake ji, amma a lokacin kamar mai neman ɗansa nake. Wani dattijo da ke layin karɓar hatsi ya saurare ni har na gama, ya ce, "Malam, jikata biyu na binne a hanya. Tun jiya ban sa komai a cikina ba. Kai kuma waƙar sussuka ka zo nema? Ina dawar da za a sussuka?" Na ba shi haƙuri na juyo. Ban sake komawa ba.

Saura Yaya. Ita ta zauna da mahaifiyarmu har ƙarshe, duk abin da tsohuwar ta sani yana bakinta. Na yi ta zama kusa da ita ina kaɗa rabi-rabin da nake da su, ina yin kuskure da gangan ko haushi zai sa ta gyara mini. Ko motsi. Rannan na kasa daurewa na durƙusa gabanta na ce, "Yaya, ki taimake ni. In kika tafi da su shi ke nan, babu wani." Ta dube ni kamar ta ga mahaukaci, ta juya fuska.

Bayan kamar mako biyu, da la'asar, ina gyara igiyar shanya, na ji an ce, "Auta." Rabon da in ji wannan suna tun mahaifiyarmu na da rai. Na waiwaya.

"Ɗauko abar nan taka."

Na ɗauko jitar, na haɗo da biro da takarda.

"Ba abin da kake nema zan ba ka ba," in ji ta. "Mijina ba a yi masa kuka ba. Ka san a wurinmu mace ɗaya ba ta yi wa mamaci kuka. Ɗaya ta kira sunansa, sauran mata su amsa. In babu amshi bai ji ba, yana nan tsaye a bakin gona yana jira. Matan da za su amsa mini sun watse. Matarka mutuniyar kirki ce amma ba ta jin yarenmu. Kai kuma namiji ne, bakinka ba ya amshi."

"To yaya za a yi, Yaya?"

"Na ji kullum kana ce wa wannan abar ita. In mace ce, ta zo ta yi aikin mata."

Ta rera mini amshin sau biyu, ƙasa-ƙasa. Ban taɓa jin sa ba, don maza nesa suke tsayawa in ana yi. Gajere ne, yana hawa kaɗan ya gangaro ya tsaya a wurin da ba ka zata ba, kamar mai saukowa daga dutse ya taka ya ji babu ƙasa. Na miƙa hannu ga biro, ta buge hannun.

"Ba a ajiye irin wannan waƙar. In ka ajiye ta a gida za ta nemi wanda za a yi wa. Ka riƙe a hannunka, in an gama ka sake ta."

Ta miƙe tsaye, ta ɗaure zane a ƙugu, ta fuskanci kudu. Ta kira sunansa da muryar da ban san tana da sauranta ba. Na amsa da tsirkiya. Ta kira sunan ubansa, da gonarsa ta gindin tsamiya, da rijiyar da ya haƙa wa unguwa, da yadda yake tari kafin ya shigo gida. Kowace gaɓa ta tsaya, ni kuma in amsa. Ta gaya masa ba gudu ta yi ta bar shi ba, ƙafa ce ta ɗauke ta. Na amsa. Matata ta fito daga madafa ta tsaya da ludayi a hannu, hawaye na zuba, ba ta san me ake faɗa ba. Wajen ƙarshe na ji kamar jitar ta yi kauri, ashe murya ce. Wasu mata biyu 'yan gudun hijira da ke zaune a kangon bayanmu sun jiyo ta katanga, sun shigo ba sallama, sun tsaya a bakin zaure suna amsawa tare da ni. Da Yaya ta gama ta zauna, ta ce a ba ta ruwa, ta shanye kofi biyu. Sannan ɗaya daga cikin matan ta matso ta ce mini da yarenmu, "Baba, ni ma ina da nawa."

Haka aka fara. Ban sa allo a ƙofa ba, amma magana ta zaga sansani. Suna zuwa da la'asar, wasu da hijabi, wasu da ɗankwalin coci, yare ɗaya, kowace da wanda ta baro a kwance ba rufi. In sun kai uku ko huɗu ba sa bukatata, ina zama a gefe. In mace ta zo ita kaɗai, ni ne matan. Yaya ta ja musu gaba har ƙarfinta ya ƙare, kuma ranar da muka kai ta makwancinta, tsakar gidan nan bai ɗauki masu amsa mata ba. Cikin abin da na ƙona, wanda ya dawo mini bai kai yatsun hannu da na ƙafa ba, su ma ban rantse daidai suke ba. Na sayi sabon littafi, yawancin shafukansa sunan ƙauye ne a sama, ƙasa fari fat. Jikokina in na ɗauko jita sai su sa abin kunne su koma kan waya. Waƙar da na fi iyawa a duniya yanzu ita ce wadda ba ni da izinin rubutawa, ba ni da izinin koya wa kowa, ba na ma iya taɓa ta in babu dalili.

Yanzu zuwan ya ragu, amma bai yanke ba. Kwanan baya wata ta zo, ba ta kai yayata tsufa ba, ta ce ɗanta ne. An tafi da shi daji tun yana ɗan makaranta, shekara da shekaru ba labari, 'yan'uwa sun ce ta haƙura ta yi masa abin da ake yi. Na shimfiɗa mata tabarma ta ƙi zama. Ta ɗaure zane, ta fuskanci kudu. Na ba ta kari, ta ja numfashi, ta buɗe baki inda sunan zai fito. Na ɗora yatsa a kan tsirkiya ina jira. Bakin ya daɗe a buɗe. Sai ta rufe shi a hankali, ta kwance zanen daga ƙugu ta yafa a kafaɗa.

"Baba, a bari tukuna," in ji ta. "In na kira ya ji, zai ɗauka na sallame shi. Wataƙila yana hanya."

Ta sa takalmanta ta fita. Na daɗe zaune da yatsana a inda yake, ban danna ba, ban kuma ɗauke ba.